Taku Uku Kafin Tafiya

A layin garejin babu mai kiransa da sunan yanka. Taka-Uku ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin yana gyaran birki, duk motar da ya sa wa sabon takalmin birki sai ya shiga ya taka birkin sau uku kafin a tayar da ita. Dalilinsa ɗaya ne: in an canza takalmi, takun farko fanko ne, ƙafa za ta nutse har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Ya nanata wa direbobi wannan har suka gaji, in sun hango shi sai su riƙa kwaikwayon ƙafarsa.

Mutum ne da bai san zama ba. Akwai benci a garejin, amma baƙi kaɗai suka san daɗinsa. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake faɗa. Ko a gida, mota ta yi ƙara a titi sai ya ajiye cokali ya ce, "Ƙarfe ke cin ƙarfe." Matarsa ta daɗe da daina tanka masa.

Wata ranar Laraba autarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo motarta tana sauri. Ya ɗaga ta a jak, ya cire taya, ya ja farce a kan faifan birkin, ya ji duk ya yi kunya-kunya kamar gona. Takalmin kuwa ya cinye, saura ƙarfe.

"Ke, wata nawa kina jin kukan nan?"

"Baba, na ɗauka zai daina ne."

"Haka kike ce wa marasa lafiyarki?"

Ya sa sabon faifai da sabon takalmi hagu da dama, ya sauke jak, ya ɗaure notuna. Daidai nan maƙwabcinsa mai walda ya kira shi ya riƙe masa wani ƙarfe. Daga can ya zaga famfo wanke hannu. Yana cikin murza sabulu ya ji muryarta: "Baba, na makara, sai na dawo." Mota ta tashi.

Ya saki sabulun. Ya taka kuwa? Ya tuna jak, ya tuna notuna, amma ya kasa tuna ƙafarsa a kan birki. Layin nasu kuma gangara ne, yana yin kwana ya faɗa babban titi inda tireloli ba sa rage wa kowa gudu.

Ya ruga da kumfa a hannu, silifas ɗaya ya tsinke ya bar shi a hanya. A bakin titi babu taro, babu fasasshen gilashi, babu motarta. Duk da haka tsoro bai sake shi ba. Ya kira wayarta, ba ta ɗauka ba. To wa ya hana ta ɗaukar waya tana tuƙi? Shi ne. Ya dawo gareji yana kai da komo kamar kazar da ƙwai ya matsa wa, ya ɗauki sifana ya ajiye, ya sake kira.

Sai bayan minti ashirin ta kira shi.

"Baba, lafiya? Kira har bakwai."

"Birkin fa? Ya kama?"

"Garau. Ai sai da na taka sau uku kafin in tayar. Na farko ya tafi har ƙasa, na biyu da dama-dama, na uku ya yi tauri."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa. Tun ina zama a cinyarka nake ganin kana yi, yanzu ko kasuwa zan je sai na taka. Baba, an kira ni, sai anjima."

Ashe bai taka ba. Shekara talatin bai manta wa baƙo ba, sai a motar 'yarsa. Cikin kunya da godiya ya laluba bencin ya zauna.

Mai walda ya ɗaga tabarau ya leƙo. "Yau kuma zama, Taka-Uku?"

Taka-Uku ya buɗe tafukansa. Yana kallon sabulun da ya bushe a hannunsa.