Malama Rebecca, Wadda Ta Kore Ni Daga Aji

Duk wanda ke zaune a unguwar Rikoto ta garin Zuru ya san ƙarar babur ɗin Malama Rebecca Gabriel. Ƙarfe bakwai saura kwata take fitowa, bayan ta watsa wa kajinta dusa, da wani tsohon kwando ɗaure a bayan babur. In ka leƙa kwandon nan sai ka rantse 'yar gwangwan ce: takalmi wari ɗaya, mataji, agogon bango da ya daina tafiya, ƙoƙo, albasa biyu. Ta bi ta bakin kasuwa ta gaisa da masu ƙosai da C'lela, yarenmu na nan yankin, ta gaisa da mahauta da Hausa, sannan ta tsaya a wani shago mai benci huɗu da allo da kwamfuta guda ɗaya. A nan take horar da matasa masu neman takardar shaidar koyar da Turanci a ƙasashen waje. Shekara tara ke nan tana wannan aiki, tun da ta yi ritaya daga sakandare. Ƙarshen watan nan za ta miƙa makullin shagon ga ɗalibarta Glory, don gwiwa ta fara yi mata gardama. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun tana ji da kunnenta.

Sunana Nasiruddeen. Ni ma malamin Turanci ne, shekara talatin da biyu da alli a hannu, kuma ban taɓa zaton akwai mai koya mini aikina a Zuru ba. Waɗanda suka san ni sun san ba na karɓar gyara da sauƙi.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, kwas ɗin da Malama ke shirya mutane a kai ta intanet ake yin sa, wata huɗu. A yi karatu, a rubuta jarrabawa a kwamfuta. Wannan duk mai ƙwaƙwalwa zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshe: sai an ɗauki bidiyonka minti ashirin ba yankewa, kana koya wa 'yan koyo darasin da ba su taɓa ji ba, ka aika wa masu dubawa. Sau biyu kawai ake ba mutum dama.

Ɗiyata Bushira ta shiga wannan kwas bara. Mijinta Zakiyyu yana karatu a Turkiyya, shekara biyu rabon su da ganin juna in ba ta waya ba. Wata makarantar yara a garin da yake ta yi mata alkawarin aiki, da takardar zama, in har ta kawo shaidar kafin watan Satumba. In ba ta kawo ba, su ba wani. Ta ci jarrabawar kwamfuta tas. Da aka zo kan bidiyo na ce mata, "Ubanki malamin Turanci ne, za ki je neman wani?" Na tara mata 'yan aji ɗaya na makarantarmu, na koya mata yadda nake yi: ki faɗi da Turanci, ki fassara da Hausa, su maimaita. Muka aika, ina ta murza gemu.

Amsa ta dawo ba ta ci ba. Suka ce malamar ta yi rabin darasinta da wani yare, kuma ajin da za ta je babu mai jin wannan yaren. Na yi ta faɗa a tsakar gida, na ce mutanen nan ba su san aiki ba. Bushira ta shige ɗaki. Uwarta ce ta tare ni. "Malam, dama ɗaya ta rage wa yarinyar nan. Ka kai ta wurin Rebecca, girmanka ba zai zube ba."

Na kai ta, ina cika ina batsewa. Malama ta kalli bidiyon har ƙarshe, ta cire tabarau.

"Malam Nasiru, darasin nan naka ne ko nata?"

"Namu ne," na ce.

"Na gani. Hausar ta yi kyau ƙwarai."

Wallahi na ji maganar nan har ƙashina.

Washegari ta goya Bushira a babur, ba shagon suka nufa ba, sai wani ƙauye a gindin dutse bayan Dabai. Ashe wannan ce hanyarta da kowane ɗalibi. Tana da wasu tsofaffi a can da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa da tambayar kuɗin gishiri ba, babbarsu wata tsohuwa mai suna Talle. Ranar farko ba a bar Bushira ta koyar ba. Zaunar da ita aka yi a kan turmi, Talle ta tsaya a kanta tana koya mata C'lela, ba Hausa ba Turanci. Bushira ta dawo gida ido jawur. Ta ce, "Baba, tun da nake ban taɓa jin ni daƙiƙiya ce ba sai yau. Tana magana ina kallon bakinta kamar tunkiya." Amma ta ce da tsohuwar ta ɗauki ƙwarya ta ɗebo ruwa ta sha, ta miƙo mata tana faɗin kalma ɗaya, sai ga shi ta gane. Kafin la'asar ta kama kalma goma sha biyu. Malama ta ce mata, "Abin da kika ji a ranki da safe, shi ɗalibinki zai ji a Turkiyya. Abin da Talle ta yi miki, shi za ki yi masa."

Sati shida suna zirga-zirga a kan hanyar nan, ga damina, ga taɓo. Kayan kwandon nan duk na koyarwa ne. Doka ɗaya ce a ajin Malama: ka nuna, ka faɗa, ka yi shiru. In ɗalibi ya kakare, ka ƙirga goma a zuci, kada ka cece shi da fassara. Glory ta ba ni labari cewa ita kanta sau uku tana jefar da alli ta ce ta fasa, sau uku Malama na zuwa gidansu ta zauna a ƙofar ɗaki har ta fito. Akwai Michael, ɗan wani tsohon soja, da wani mayaudari ya so ya sayar wa takardar jabu ta waya. Malama ce ta gano, ta zaunar da shi ya yi ta gaske, yanzu shekararsa huɗu yana koyarwa a Biyetnam. Ba ta taɓa tambayar ɗalibi masallaci yake zuwa ko coci ba. In lokacin salla ya yi, da kanta take cewa, "Ku je, allo ba zai gudu ba."

Malama, ke ce kika fara makaranta ba ki jin Hausa balle Turanci, aka yi ta dukan ki a kan abin da ba wanda ya nuna miki. Ba ki riƙe abin a matsayin ƙiyayya ba, kin mai da shi sana'a. Ke ce ba ki taɓa hawa jirgin sama ba, amma mutum ashirin da uku suna tsaye gaban allo a ƙasashe shida da abin da suka koya a gindin dutsen Dabai. Uwar malamai, sannu da aiki.

To, ga inda na shigo da tawa ɓarnar. Ranar ɗaukar bidiyo ta biyu ta faɗo Laraba, kuma ita ce ranar ƙarshe, ƙarfe shida na yamma ake rufe karɓa. A ƙauyen babu sabis, sai an dawo Zuru a aika. Na ce sai na je. Malama ta dube ni ta ce, "Bencin baya, kuma baki a rufe." Na ce haba, ni yaro ne?

Aka shiga wani ajin firamare, tsofaffi takwas, mata shida maza biyu, kowa da fartanyarsa jingine a bango, don lokacin noma ne, awa ɗaya suka ba mu, shirye-shirye kuma suka cinye fiye da rabinta. Glory ta riƙe waya. Bushira ta fara, darasin neman abu da miƙa shi. Kai, abin gwanin sha'awa! Ta ɗaga mataji, ta faɗa, ta miƙa, su karɓa, su mayar. Ba kalmar Hausa ko ɗaya. Har aka kai minti sha huɗu. Sai ta juya ga wani tsoho mai tufkar igiya, wanda na lura yana ɗan jin Hausa, ta nemi ƙoƙo. Tsoho ya yi tsuru-tsuru. Bushira ta miƙa hannu ta yi shiru, tana ƙirga goman nan tata. Ni kuwa shirun nan ya zame mini ƙaya. Shekara talatin da biyu ban taɓa barin aji ya yi shiru haka ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Cewa take ka ba ta ƙoƙon!"

Da muryar da nake cika aji mai yara casa'in na faɗe shi. Glory ta sauke waya a hankali. Bushira ta juyo ta dube ni, kallon da har gobe ba na son tunawa.

"Malam Nasiru," in ji Malama, "fita."

"Ni?"

"Kai. Ka je gindin ɗorawar can. In na kira ka, ka zo."

Na fita sumui-sumui, gaban ɗiyata. Ta taga na ga tsofaffin sun miƙe suna ɗaukar fartanyunsu. Awarsu ta cika, ga hadari ya haɗo daga gabas, ga ciyawa na jira. Ƙarfe uku ta gota. Na zauna a kan saiwa na dafe kai, na ce shi ke nan, na raba yarinyar nan da mijinta da bakina, har sau biyu.

Sai na ji Malama na magana da Talle da C'lela. Suka ja, suka ja. Can sai duk ajin ya fashe da dariya, kowa na leƙo ni ta taga. Suka koma suka zauna. Daga baya na ji abin da aka ƙulla: jinginar da ni ta yi. Ta ce in sun ƙara rabin awa, malamin can na gindin ɗorawa zai zo ya yi wa Talle noman yini guda a gonar dawarta. Talle ta ce a zamaninsu saurayi shekara bakwai yake golmo, yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, don haka yini ɗaya saboda ɗiya bai yi yawa ba.

Amma da sauran rina a kaba. Darasin da aka shirya ya ƙone, tunda sun riga sun ji shi, kuma Malama ba ta yarda da ha'inci. Dole sabo, nan take, ba shiri. Glory ta ce Bushira ta nufi kwandon Malama tana neman abin da za ta koyar da shi. Malama ta ture kwandon da ƙafa ta ce, "Bar wannan. Dubi abin da suka zo da shi." Bushira ta dubi bango, ta je ta ɗauki fartanya.

Ban ga darasin ba, ji na yi. Na ji muryarta tana faɗin tashi, duƙa, ɗaga, sara, huta, duk da Turanci, ina jin ƙafafu na motsi. Na ji shiru mai tsawo, na cije leɓe. Can sai ga muryar Talle, tsohuwar da ba ta taɓa zama a bencin makaranta ba sai a ajin Malama, tana ba mai tufkar igiya umarni da Turanci ya duƙa, aji na dariya. Na yi kuka a gindin ɗorawar nan, ba na jin kunyar faɗa.

Ruwa ya kama mu a hanya. Muka iso shago jagab, aka aika shida saura minti ashirin. Ran Asabar na je na biya alkawari. Hannuna ya yi bororo, kwana huɗu ban iya riƙe alli ba, Talle kuma ta aiko a gaya mini kunya biyu cikin noman da na yi sai da ta sake bi.

Bayan sati uku amsa ta zo: Bushira ta ci. Zakiyyu ya tare ta a filin jirgi ana saura kwana tara a buɗe makaranta. Ranar da ta fara aiki ta kira ni. Yara ashirin, ba mai jin kalma ɗaya daga abin da ta iya. Na ce, "Kin ji tsoro?" Ta ce, "Baba, wanda ya tsaya gaban Talle da fartanya, yaran Turkiyya me za su yi masa?"

Malama Rebecca, na gode. Bushira ta gode, Zakiyyu ya gode, uwarta kullum sai ta sa ki a addu'a. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa ki ci amfanin gonarki shekaru masu yawa. Matasan Zuru da Sakaba da Kanya masu son wannan hanya, ku nemi ta gaske, ku guji takardar saye, shagon yana nan a hannun Glory. Ku kuma 'yan uwana malamai, tsofaffin hannu irina, ku je ku ga yadda ake yi tun tana da ƙarfin nunawa. Na yi shekara talatin da biyu ina hana yara laluben amsa da kansu, ina kiran abin taimako. Ranar da matar nan ta kore ni daga aji, ranar ɗiyata ta zama malama.