Kaka na magana, rubutun Agali ya tafi

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Agali, mai sa finafinai a faifai a bakin kasuwar Dakoro. Allah ya ji ƙansa. Na gaji da kai kaina ƙara a zuci, shi ya sa bana na ɗauki biro.

Mu jikokin makiyaya ne daga Azagor, amma Hausa ta cinye mana baki. Agali kaɗai ya riƙe Tamashek, harshenmu na Buzaye, sosai. Kafin kakarmu ta rasu ya ɗauke ta a kamara tana ba da tarihin gidanmu, rijiya bayan rijiya. Wata uku yana duƙe a gaban ordinatar, wato kwamfuta, yana fassara maganarta da Hausa, layi-layi, yadda rubutun zai fito a ƙasan hoto daidai da motsin bakinta.

Mutum ne mai taurin kai, wallahi. Na ce ya manne rubutun a jikin hoton yadda ba zai goge ba, ya ƙi. Ya ajiye shi daban cikin faifan, mai kallo ya kunna ko ya kashe.

"Ƙanena," in ji shi, "ranar da yaranmu suka iya harshen Kaka, sai su kashe rubutun."

Bayan rasuwarsa faifai ya daina tashe, kowa ya koma kart memuwar, ɗan katin nan da ake sa wa a waya. Ni da kaina na zauna a kujerarsa na juye faifan a kart. Na ɗauki hoto, na ɗauki murya, ban san rubutun na da nasa gurbin da sai an zaɓa ba. Na ga Kaka na motsi, na ce aiki ya yi. Faifan kuwa na bar shi a shago, zafi da rairayi suka ƙarasa shi. Da na sani ƙeya ce.

Da yana nan, me zai ce? Ina jin harara kawai zan sha, sannan ya ja kujera ya sake daga farko. Ni ba ni da wannan harshen, ba ni da wannan haƙurin. Tsofaffin da za su fassara mana ma suna ta tafiya, ni kuma kullum sai in ce gobe.

Ordinatar ɗinsa ta mutu, shagon ya koma na mai cajin waya. Abin da ya rage shi ne muryarsa a bayan kamara yana yi wa Kaka tambaya, ita kuma tana dariya. Jiya 'yata Hadiza ta kalla a wayata, ta ɗago ta ce, "Baba, me ya ba ta dariya?"

Yaya, rubutun a kashe yake yadda ka so. Sai dai ba mu iya harshen ba.