Hatimin ƙarshe da ka buga, Badaru

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da rana tsaka, wasu mutum uku a kan babur suka tare ƙanena Badaruddeen a hanyar Madadi zuwa Gwarzo, suka sassare shi da adda har ya daina motsi. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Na faɗa tun da labarin ya iso ni, har yanzu ina faɗa. Amma ba zan sakaya magana ba, kashe shi aka yi. Hannunsa na dama suka fara sara, wanda yake sassaƙa da shi, domin sun san abin da ya kawo su.

Badaru, ni ce yayarka Raliya, wadda ka cinye wa silifas ya fi a ƙirga. Kai manomi ne mai kiwo kamar Babanmu, sai dai tun da ka shiga wani zauren masu zane a Facebook, babu roba da ta sake zaman lafiya a gidanmu. Kowace safiya ana ba ku kalma guda, kowa ya yi abin da ya iya da ita kafin faɗuwar rana. Wasu fensir, wasu fenti, kai kuwa hatimi. Ka yanko gindin tsohon silifas, ka zauna a gindin darbejiya da reza, ka sassaƙa, ka dangwala a tawada, ka buga a takarda, ka ɗora hoton. Ko ranar da ake shuka ba ka tsallake ba, a bakin gona kake yi.

Na farkon da ka yi sunanka ne, ka yanka shi tiryan-tiryan kamar rubutu, da ka buga ya fito a birkice. Inna Gwamma ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta haifi ɗa mai karatu daga baya. Ba ka ji haushi ba. Ka jujjuya robar ka ce, "Yaya, ashe sai an sassaƙa shi a juye yake fitowa daidai."

Altine bazawarar da ke maƙwabtaka da mu tana yin sabulun salo, wasu na sayar da gurɓatacce da sunanta. Ka sassaƙa mata tattabara take bugawa a jikin nata, maganar ta mutu. Yaran Islamiyya kuwa, duk wanda ya kawo hadda sai malaminsu ya buga masa tauraron da ka sassaƙa a bayan hannu, wasu har ƙin wanke hannun suke yi. 'Yarka Fatimatuz Zahra ka yi mata akuya mai ƙafa uku saboda rezar ta zame, ta ce ita tata ta fi so haka.

Bara da kaka aka kore shanun Inna daga wurin kiwo, gadon Babanmu, kowace da lalas ɗin gidanmu a cinyar hagu: ƙafar zabo da ɗigo biyu. Aka yi cigiya har aka gaji. Inna ta daina zuwa garke, ta ce ba ta iya kallon turaku babu komai.

Sai wata safiya kalmar zaurenku ta zo: shaida. Ka sassaƙa ƙafar zabo da ɗigo biyu, ka rubuta a ƙasa cewa wannan ita ce shaidar shanun mahaifiyarka. Kafin la'asar wani ɗan zauren, Malam Tasi'u na Garo, ya kira ka ya ce ya ga wannan alama da idonsa a wani garke da ke bayan gonarsa. Hukuma ta je, ta samo wasu daga cikin shanun, ta kama mutum biyu. Ranar da suka shigo gari Inna ta rungume wuyan wata jar saniya tana kuka kamar ta ga Babanmu.

Daga nan kiran waya ya fara, lambobin da ba mu sani ba, ana cewa ka goge hoton, ka kuma manta da hanyar kotu. Kawu Jalo ya zo har gindin darbejiya ya ce, "Badaru, don girman Allah ka goge abin nan. Shanu dai sun dawo, me kake nema kuma?" Ka ajiye rezar ka ce, "Kawu, a gafarce ni. Na Inna sun dawo, na gidan Altine da su ma aka kore fa? In na yi shiru, gobe garken wa za su shiga?" Kawu ya tashi yana girgiza kai, idonsa ya kaɗa.

Ranar Laraban nan kotu za ka, ba da shaida. Ka sa farar rigarka ta Juma'a, ka jefa hatimin ƙafar zabon a aljihun ƙirji, ka ce wa matarka Zinnira ta ajiye maka tuwo. Waɗanda suka tsinto ka sun ce a kife suka same ka, jini ya jiƙe ƙasa har gefen kwalta, kanka a rotse, yatsunka biyu can gefe. Mutum uku da adduna a kan mutum ɗaya mai ɗan guntun silifas a aljihu! Matsorata ne, kuma ina jin zafinsu, zafin da ban taɓa ji a kan ɗan Adam ba. Ban yafe ba, ba kuma zan yi ƙaryar cewa na yafe ba.

Da masu wanka suka miƙo mana kayanka, Zinnira ta zaro hatimin ta juya aljihun. Ka faɗi a kansa, nauyinka ya danne shi, jininka ya zame masa tawada. Ga ta nan a jikin farin yadin, ƙafar zabo da ɗigo biyu, ta fito daidai, ko kaɗan ba ta karkace ba. Inna ta miƙa hannu za ta kai rigar wanki, na riƙe ta na ce, "Inna, wannan ba za a wanke ba."

Allah Ya jiƙanka, Badaru, Ya karɓi shahadarka, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da Babanmu a Aljanna. Allah Ya ba Inna juriya, Ya dafa wa Zinnira a takabarta, Ya raya Fatimatuz Zahra cikin aminci. Ina miƙa ta'aziyya ga Kawu Jalo da dangi baki ɗaya, da mutanen Madadi, da 'yan zaurenku da suka cika shafin da ƙafar zabo tun daga ranar. Allah Ya tsare Malam Tasi'u, Ya tona asirin waɗanda suka yi wannan aiki tun a duniya.

An ɗage zaman kotu zuwa Litinin. Jiya aka kira wayata da lambar da ban sani ba, wata murya ta tambaya ko ni ce Raliya. Na ce ni ce. Na ninke rigar na sa a jaka, kuma ta hanyar da ka bi zan bi.