Mai Rubutu a Kan Rumbun Surukinsa

Hafizullahi ɗan kabu-kabu ne a Sabon Birni, kuma ta ƙeya ya koyi labari. Fasinja idan ya hau babur ya ga babu fuskar da ke kallonsa, sai bakinsa ya buɗe. Wannan ya ba shi labarin gonar da aka raba ba da shi ba, wancan ya ba shi na raƙumin da ya tsallaka Nijar da kayan mutane. Matsalar ɗaya ce: kafin a kai ƙarshe an iso, mutum ya sauka ya kakkaɓe riga ya tafi. Haka ya yi shekaru yana yawo da rabin labarai a ka, har suka fara hana shi jin kiran matarsa Sa'adiya.

Abokinsa Mus'ab, mai cajin waya a garin Isa, shi ya buɗe masa bulog, wato shafi nasa na kansa a intanet. Ya ce masa mai son zama marubuci a zamanin nan ba ya jiran kowa ya buga masa littafi, rubutawa yake yi ya saka, duniya ta gani. Ya nuna masa abu biyu a ƙasan shafin: wata 'yar lamba mai faɗin yawan waɗanda suka leƙo, da akwatin da mai karatu zai bar sharhi.

Akwatin nan shi ya zama burin Hafizullahi. Bai nemi suna ba. So yake mutum ɗaya, ko daga ina, ya karanta ya ce wani abu, ko da zagi ne, don ya san shi marubuci ne, ba mai surutu da waya ba.

Lambar kam tana motsi. Duk sanda ya buɗe shafin ya duba, sai ya tarar mutum ɗaya ya ƙaru. Idan ya sake dubawa, wani ɗaya. Ranar da aiki ya hana shi dubawa, babu wanda ke zuwa. Hafizullahi ya yi tunani a kan wannan, ya yanke cewa mai karatun nasa malamin jami'a ne a wata ƙasa mai sanyi, mutum mai kunya, wanda Allah ya haɗa lokacinsu. Akwatin dai bai taɓa samun ko ɗigo ba.

Sai ga shekarar da aka kashe layukan waya a yankin saboda tsaro. Mutane suka koma neman layin Nijar, suna ɗaga waya sama a kan tuddai kamar masu roƙon ruwa. Hafizullahi ya sayi layin a hannun wani falke, ya zaga gari da ƙauyuka yana gwaji. Wuri ɗaya tak wayarsa ta yarda da shi: saman babban rumbun gero na surukinsa Malami, a ƙauyensu da ke arewa da gari.

Sa'adiya kuwa 'yar fari ce. Tun da aka ɗaura aure Malami bai taɓa kiran sunan Hafizullahi ba, shi ma bai taɓa shan ruwa a gabansa ba. Idan suka hango juna a hanya, kowa sai ya tuna yana da uzuri a wata hanyar. Don haka roƙon ya bi ta Sa'adiya zuwa uwarta Inno, daga Inno zuwa ga tsoho. Amsa ta dawo ta hanyar da ta bi, cewa shi bai ga kowa a kan rumbunsa ba, kuma ba ya sa ran gani.

Daga nan kullum bayan la'asar Hafizullahi kan kafe babur nesa, ya cire takalma, ya hau tsani ya zauna a kafaɗar rumbun. A ƙasa, cikin inuwar rumbun, nan ne wurin zaman Malami tun kafin a haifi Sa'adiya, kuma bai ga dalilin tashi ba saboda mutumin da ba ya nan. Yana zaune yana tufka igiya, jakinsa na ɗaure a gefe.

Hafizullahi yana da hali guda: ba ya iya rubutu sai yana faɗin abin da yake rubutawa. Labarin da yake ciki a lokacin na wani fasinja ne, Amiru, wanda ya sayo ƙyaure a kasuwar Isa alhali ba shi da ɗaki. A nan fasinjan ya sauka, sauran kuwa Hafizullahi ne ke ƙirƙira. Ya sa Amiru ya ɗauki ƙyauren a ka yana bi gari gari, idan rana ta yi zafi ya jingina shi ya ƙwanƙwasa, ya yi wa kansa izini, ya zauna a bayansa.

Wata rana yana tsakiyar karatu sai ya ji tsoho ya yi gyaran murya ya dubi jaki.

"Kai jaki, wanga zance ya yi tsawo. Mutum da ƙyaure bisa kai, har yanzu shina gaisuwa a tasha?"

Hafizullahi ya goge gaisuwar. Ba don an ce da shi ba, ai da jaki ake magana.

Haka abin ya zauna. Jaki ya ji cewa matar da ta ba Amiru fura ta cika magana. Ya ji cewa bai kamata ruwa ya ci ƙyauren a gulbi ba, kuma washegari aka tsamo ƙyauren. Ranar da Amiru ya hana ɓarawo shiga ta ƙyauren da babu bango a gefensa, ɓarawon kuma ya haƙura ya koma, jaki ya ji tsoho ya yi dariyar da Inno ta ce rabonta da jinta tun suna amarci. Hafizullahi yakan sauko, ya sa takalma, ya duba akwatin sharhi, ya same shi wayam, ya yi ajiyar zuciya ya tafi gida yana cewa har yau babu wanda ya tanka.

Da aka dawo da layukan waya, kowa ya yi hamdala. Hafizullahi ma ya yi. Ya shimfiɗa tabarma a zaurensa, layi cike, babu tsani babu rana. Ya rubuta jimla ya faɗe ta, ya dakata. Zaure bai ce komai ba. Ya sake wata, ya dakata. Amiru ya tsaya a bakin wata rijiya da ƙyaure a ka, ya ƙi gaba ya ƙi baya, har gero ya yi kai a gonaki. Malamin jami'ar nan na ƙasar sanyi bai fasa leƙowa ba, amma kunyarsa ba ta ragu ba.

Hafizullahi ya gaya wa Sa'adiya za shi rufe shafin, tunda an ba duniya dama ba ta ce komai ba. Ta ci gaba da tankaɗe. Washegari ta ce za ta je gaida Inno.

Bayan kwana kaɗan ya dawo daga aiki ya tarar da jaki a ƙofar gidansa, babu kaya babu mai shi. An ɗaure igiyar a jikin turke da irin ƙullin da jaki ba ya iyawa. Dabbar suruki ba a barinta ta kwana a waje, don haka ya ja shi a ƙafa har ƙauye.

Tsanin yana jingine a jikin rumbu. An canza masa matakin nan da ke rawa. Tsoho yana inuwa yana tufka, bai ɗago ba.

Hafizullahi ya ɗaure jaki a wurinsa. Sai ya cire takalma ya hau. Can sama ya ciro waya, ya soma daga bakin rijiya. Ya karanta abin da yake da shi, wanda bai wuce layi kaɗan ba, ya dakata.

Malami ya ciji igiya ya tofar, ya juya ga jaki.

"Ka hwaɗa ma marubucin ga, wuyan Amiru ya gaji. Ko shi sama mai ɗaki, ko ni za ni sama mai."

Jakin bai isar da saƙon ba, yana ta korar ƙuda da wutsiya. Hafizullahi ya gyara zama a kan rumbun. Sannan ya share ido da hannun riga, ya sa wani tsoho mai jaki ya biyo ta bakin rijiyar, mutum mai ɗaki sabo wanda ya rasa ƙyaure. Ya faɗi jimlar da ƙarfi, ya dakata, yana jiran abin da za a gaya wa jaki.