Ciyawar Baba Mai Fulawa

Tun yana saurayi yake kula da lambun wata ma'aikata, har furfura ta cim masa a can. Ba mai kiransa da sunan yanka, sai Baba Mai Fulawa. Ma'aikatan sukan tsokane shi da cewa ko tsinken sakace ya soka a ƙasa sai ya yi ganye, shi kuwa ya yi murmushi, don a ransa ya yarda.

Da gwiwoyinsa suka gaza, babbar 'yarsa ta ɗauko shi zuwa gidanta, a hawa na sama, inda ba ko taƙin ƙasa sai siminti. Ta lura kullum yana bakin taga yana kallon titi, sai ta sayo masa tankin gilashi da 'yan kifaye, da fitila, da wata ciyawa mai ƙananan ganye wadda ake dasawa a ƙarƙashin ruwa ta bazu kamar darduma.

"Baba, mai shagon ya ce akwai yadda ake dasa ta. In kira maka shi?"

"Ni za a koya wa dashe?" in ji shi. "Ajiye wayar nan."

Ya dasa ta dunƙule-dunƙule, yadda ya saba a lambu. Da safe ya tarar da rabinta tana yawo a saman ruwa, saiwoyi a waje. Ya mayar, kifaye suka tone. Wadda ta zauna ma bai bar ta ta huta ba, yakan ɗan ja ta da yatsa ya ji ko ta kama. A hankali ganyen ya yi rawaya, ya narke, gansakuka ta rufe sauran.

Bai gaya wa kowa ba. Wata rana da 'yar da mijinta suka tafi aiki, ya lallaɓa ya sauka da sandarsa, ya sayo ciyawar roba, ya shimfiɗa, ya danne gefunan da tsakuwa. Ta yi kyau kuwa, kore shar. Duk wanda ya yaba, sai Baba ya sunkuyar da kai, a ɗauka kawaici ne.

Ana nan sai mahaifin mijin 'yar ya kawo ziyara. Dattijo ne mai fara'a, shi ma yana da tanki a gida. Ya durƙusa gaban gilashin ya daɗe yana kallo.

"Kai, Mai Fulawa, hannunka sai kai! Tawa ta ƙi ni ƙiri-ƙiri. Don Allah ɗan tsinko min kaɗan in je in gwada irin taka."

Ya ma riga ya miƙo kofi. Baba ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu cikin ruwan, yana fatan wata dabara ta zo masa. Ba ta zo ba. Ya ja, sai shimfiɗar gaba ɗaya ta taso, tsakuwa na zubowa, ragar robar a fili, kifaye suka watse.

Surukin ya yi gyaran murya ya ce ai robar yanzu ba a bambanta ta da ta gaske, ya shiga zancen cunkoson motoci. Wannan rufin asirin ya fi yi wa Baba ciwo. Ya zauna ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa, har baƙon ya tafi bai iya ɗaga ido ba.

Da yamma 'yar ta kawo masa abinci ɗaki.

"Kin sani?" ya tambaye ta, yana kallon bango.

"Baba, ni nake goge gilashin. Ciyawar da ba ta tsawo ba ta zubar da ganye?"

"Shi ne kika bar ni?"

"Na ga kana cin abinci tun da ka sa ta. Shi ya sa."

Washegari da kansa ya ce ta kira mai shagon, ya saurara har ƙarshe ba tare da ya katse shi ba. Ya kwashe kifayen zuwa baho, ya zubar da ruwan har ƙasar da ke gindin tankin ta rage danshi kawai. Ya raba sabuwar ciyawar da aka sayo ƙanana-ƙanana, ya riƙa soka ta da hantsaki, can ciki, da ɗan tazara. Ya rufe bakin tankin da leda, ya kunna fitila, kullum ya ɗaga ledar ta sha iska ya fesa ruwa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne hana yatsunsa taɓawa, har yakan zauna a kan hannuwansa.

Sai da ya ga fararen saiwoyi sun sauka ta jikin gilashin sannan ya zuba ruwa, a hankali, bisa faranti don kada ƙasar ta tashi. Ba ko ɗaya da ta taso.

Dardumar ba ta cika ba har yau. Kusurwar da haske ba ya kaiwa tana nan da sanƙo. Baƙi in sun yaba, wurin yake fara nuna musu. Gidan surukin kuwa an sha gayyatarsa, kullum sai ya ce gwiwa ce.