Ba Aisami, Mai Auna Ƙafa a Kan Rairayi

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Gure da safe ya san Ba Aisami. Kafin ya buɗe akwatin kayan aiki, kafin ma ya ɗora shayi, sai ya ɗauki buta ya yayyafa ruwa a rairayin bakin rumfarsa, ya sa tafin hannu ya shafe shi sumul. To, ma'auninsa ke nan. Ka zo ɗinkin wando ko takalmi, ba ya tambayarka lamba. Cewa yake, "Cire, taka mini nan." Ka taka ka ɗaga, ya sunkuya ya ƙura wa sawun ido kamar makiyayin da raƙuminsa ya ɓace. Ai daga Bune ya fito, gidan masu dabbobi, a can ya koyi karatun sawu.

Da dukanci ya fara. In ka tambaye shi dalilin sayen keken ɗinki, sai ya ce maɗinka ne suka ishe shi: ya zauna ya yi wa mutum takalmi mai kyau, su kuma su ɗinka wandon da zai ɓata aikin. Mai babbar ƙafa, sai ya sake masa bakin wando ya sauko ya rufe rabin takalmin, takalmin kuma baƙi, mai zagayayyen baki, ba ado. Mai ƙaramar ƙafa, sai ya tsuke bakin ya tsayar da shi a idon sawu, kada wando ya haɗiye ƙafar a rasa inda take. Wata rana Sha'ibu ɗan kabu-kabu, mai ƙafa kamar faranti, ya zo da takalmi mai tsini da wando tsukakke. Ba Aisami ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Tun ɗazu nake gaisawa da takalminka, sai yanzu ka iso?" Kasuwa ta kwashe da dariya, har shi Sha'ibun. Yau ku gan shi, tsaf.

Amma abin da ya sa nake wannan jinjina, na Ma'azu ne.

Ma'azu tsohon shofer ne na kamyo, babbar motar kaya, abokin Ba Aisami tun suna da baƙin gemu. Ciwon sukari ya kama shi, aka kai shi likita a Damagaram, aka yanke masa yatsu a ƙafar hagu. Rauni ya warke, amma ƙafar ta zauna a kumbure. Mutumin da ba ya iya wuni a gida sai ya shige zaure ya lulluɓe ƙafa da bargo, ko masallacin unguwa ya daina zuwa.

Sai ga auren Salima ya taso, ƴar ƙanensa marigayi, wadda ya riƙa tun tana rarrafe. Shi ne waliyyinta. Ya ce a nemi wani ya tsaya. Kun san gari, nan da nan aka fara cewa ba ya son yaron da zai aure ta ne. Dangin ango suka fara aiko da tambaya. Salima kuwa ta ce in Baba ba zai ba da ita da bakinsa ba, to a bar maganar.

Matar Ma'azu, Ummul Kulsum, ita ce ta ja mayafi ta nufi rumfar Ba Aisami.

"Ba Aisami, abokinka zai kashe wa marainiya aure saboda ƙafa."

"A kawo shi ya taka, Hajiya. Takalmi ai ba wuya."

"Wa zai kawo shi? Kuma ba takalmin ba ne. Wurin ɗaurin aure ai cirewa ake a hau tabarma. Abin da yake gudu ke nan, idon jama'a."

Ba Aisami ya murza gemu. Can ya ce, "A ina yake alwala?"

"Gefen zaure."

"To gobe ki share wurin ki yayyafa ruwa, kada kaji su taka."

Washegari da hantsi sai ga Ba Aisami ya zo gaisuwa. Suka yi hirar hanya da motoci, Ma'azu na riƙe da bargonsa gam. Da zai tafi ya ce a ba shi buta, ya zagaya gefen zaure, ya tsuguna, ya ciro zare daga aljihu. Sawu na nan a rairayi, na dama da na hagu.

Ana gobe ɗaurin aure ya dawo da ƙunshi. Huffi ne a ciki, safar fata irin ta malamai wadda ake hawa tabarma da ita, na fatar akuya mai laushi, ɗinkin duk a waje don kada ya goge rauni. Ga takalmi mai faɗi. Ga farin wando mai sakakken baki.

Ma'azu ya ɗaure fuska. "Kai Babarbare, wa ya ba ka awona?"

"Kai mana. Kullum kana barinsa a ƙasa."

"Huffi a wannan zafi? A ce na zama malam?"

"Ka daɗe kana shofer, a gwada malantar. Sa mu gani."

Ma'azu ya juya takalman a hannu. "Ai ka yi kuskure. Na dama ma ƙato ne."

"Da gangan. In ka cire su a bakin tabarma, wa zai ce wannan ya fi wannan? Na daman na cika shi da auduga. Kuma ka nuna wa likitanka, in ya ce a sake, a sake."

Ma'azu ya ajiye takalman. Ko godiya bai yi ba.

Da safe Ummul Kulsum na tsakar gida cikin mata, hannunta na aiki, kunnenta na zaure. Maroƙi ya fara kira a waje, zaure shiru. Ta ce a ranta shi ke nan. Sai ta ji ƙarar sanda, ƙwas, ƙwas, ta nufi ƙofa. Ta leƙa, ta ga bayan mijinta, wando na sauka daidai kan takalmi. Ta zauna a kan turmi tana "Alhamdu lillahi," tana dariya tana hawaye.

Waɗanda suka je sun ce da liman ya tambaya, muryar Ma'azu har bakin titi: "Na ba da!" Ba wanda ya dubi ƙafarsa, in ban da wani dattijo da ya matso yana tambayar inda ake yin huffin.

Ba Aisami, yanzu an ce ido ya gaji, za ka ajiye allura. Kai ne ka san cewa ba fata kaɗai ake ɗinka wa takalmi ba, har da kunyar mai ƙafar. Kai ne ka tsuguna a gefen zauren wani don kada ka ce masa buɗe in gani. Baduku mai rufa asiri, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa a sana'a, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya nuna muku, ku koyi duban mutum kafin ku sa almakashi.

Shi Ba Aisami bai taɓa ba kowa wannan labari ba. Ma'azu ne ya ba da shi, a tsakiyar kasuwa, ƙafa a miƙe. Aka ce ko a sakaya sunansa, ya ce, "A sakaya me? Ƙafar da ta kai ni na ba da Salima? A faɗa, har da wadda ta kumbura."