Tambayar da Ba a Yi Mini Ba

'Yata Hadiza ta karanta mini wani labari a waya jiya, irin wanda masu kallon fim ke ƙara wa fim da kansu. Wai dodannin da ke rikiɗa su zama mutane, in suka haɗu cikin jama'a, rufa wa juna asiri suke. Na ce mata wanda ya rubuta wannan bai taɓa rikiɗa ba.

Kakata Hajo ta fi shi sani. A ƙauyenmu, wajen Gaffati, in an gama ɗaurin gero sanyi ya shigo, bayan magariba takan hura wutar kara ta zuba gyaɗa cikin toka. Ni da yayana Lawali kullum muna faɗa kan wa zai zauna jikinta.

"Matso, mijina," takan ce mini, "kai da ko goro ba ka taɓa kawo mini ba."

Ran nan ba ta yi dariya ba. Ta ce wata kura ce ta rikiɗa ta zama mahauci, ta shekara goma a gari ana kiranta Sarkin Fawa. Wata ranar kasuwa baƙo ya sauka, aka kai shi gidan mahaucin. Da suka sa hannu a akushi ɗaya, kowa ya ji warin ɗan'uwansa.

Lawali ya ce, "Sai suka yi murna?"

"Murnar me? Ba wanda ya san asirin kura irin kura. Ko ido ba su haɗa ba."

Sai awaki suka fara ɓata. Maigari ya tara jama'a, kowa da sanda. Kafin a ce komai mahauci ya miƙe ya nuna baƙon: ku cire hularsa, ku duba ƙeya. Aka duba, ga gashin kura tsaye. Nan aka kashe shi. Ana cikin sa wa mahauci albarka, wata tsohuwa ta ce, "Sarkin Fawa, kai wa ya gaya maka a ƙeya ake dubawa?"

Kaka ta ci gaba da juya gyaɗa. Muka ce, sai me ya faru? Ta ce ta ƙare. Na taɓa ƙeyata a ɓoye.

Lawali ya yi lakwal har ya samu sartifika, ni a aji huɗu na tsaya. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana saurayi. Da yunwa ta koro ni Damagaram, da takardarsa na samu aikin tsaron magaza, wani babban ɗakin ajiyar kaya. Na ɓamɓare hotonsa na manna nawa. Sunana Sani, amma tun ranar nake amsa Lawali.

Shekara shida bayan nan aka kawo wani daga wajen Takieta, wai Mamman. Kwana biyu na gane shi: sai an kira shi sau biyu yake waiwayowa. Shi ma ya gane ni. Shayi ɗaya muke sha, ba mu taɓa tada maganar ba.

Sai aka ce wani da takardar aro yake aiki, za a bincika dosiyen kowa, wato takardunsa na ɗaukar aiki. Shef, shugabanmu, ya riƙa kiranmu ofishinsa ɗai-ɗai. Ina da mata da 'ya'ya uku a gidan haya. Mamman na bayana a layi, ina jin numfashinsa. Na ce a raina, in ya shiga asirina zai tona.

Na shiga, tawa takardar na kan tebur ba a buɗe ba. Na ce, "Shef, ka duba hatimin da ke kan hoton Mamman. Gefen bai haɗu ba."

Ya duba. Ya ɗago ya kalle ni. Sai ya ce, "Madalla, Lawali." Ya tura dosiyena gefe.

Aka kori Mamman a ranar. Ya wuce ni a ƙofa bai ce uffan ba, alhali kalma ɗaya ta ishe shi. Yanzu ruwa yake turawa a unguwarmu, in mun haɗu shi ke fara gaishe ni.

Da ina yaro na ɗauka tsohuwar nan ita ce abin tsoro a tatsuniyar. Ashe sauƙi ta yi wa mahaucin, tasa ta ƙare rana ɗaya. Ni ba wanda ya tambaye ni yadda na sani. Har yau ina magaza, kuma 'ya'yana sunan mamaci suke rubutawa a lakwal.